Wa Ya Ɗinka Rigar Malam Almu?

Shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, ƙanena Sammani ya ci kansila a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura. Ni Hadiza, babbar yayarsa, na jefa masa ƙuri'a, amma don Allah kada a tambaye ni dalili. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana sayar da kayan gyaran babur bai taɓa gyara ƙyauren banɗakin gidanmu ba, shi ne ya hau bayan mota da lasifika yana alkawarin gyara unguwa gaba ɗaya.

Sunan babanmu ne ya ci masa zaɓen, shi ma ya sani. Marigayi Malam Almu mai ɗinki, duk Katsina wanda ya san babbar riga ya san shi. Ɗinkin ƙirjin rigarsa yana da wata irin karkata da babu mai yin ta, zaren ya kwanta ta gefen da na kowa ba ya kwanciya, in rana ta taɓa shi sai ya yi wani sheƙi daban. Maɗinka sun yi ta kwaikwayo sun kasa, har suka haƙura suka sa masa suna "kwanciyar Almu". To a wajen kamfe, da abokan hamayya suka fara cewa Sammani ɗan tasha ne, sai ya rantse a gaban jama'a cewa ranar rantsuwa da rigar ubansa zai fito, ta tsamiya, silikin nan na gargajiya, wadda Malam ya ɗinka wa kansa da hannunsa. Aka yi ta tafi.

Saura kwana goma a yi rantsuwa ya tuna cewa ya kamata a buɗe adaka a duba rigar.

Ina tsakar gida lokacin da ya ɗaga ta. Rigar tana nan da nauyinta, ɗinkin ƙirjinta na aska takwas a tsaye ƙyam, shafin jan alharini na ƙasan bai ko koɗe ba. Amma a kan tambarin, wannan da'irar da ke zaune daidai ƙirjin dama, asu ya yi biki. Ya ci wuri kamar faɗin tafin hannu, har ana hango bangon gidan maƙwabciyarmu Gwaggo Ummi ta cikin hujin.

"Innalillahi! Inna, kin gani? Kin ga abin da ya same ni?"

Mahaifiyarmu, Inna Furera, tana zaune a kan tabarma tana goga goro a magogi, don haƙoran sun daɗe da yi mata sallama. Ta ɗaga kai ta dubi hujin, ta dubi ɗanta.

"Kai ya samu ko riga? Ai ni kai na gan ka lahiya lau."

"Inna, ba lokacin wasa ba ne. Na hwaɗa gaban mutane."

"To kai ta kasuwa mana. Maɗinka sun ƙare ne?"

Ya naɗe rigar ya fita. Ita kuma ta ci gaba da gugar goronta, bakinta yana motsi, ni kaɗai na san dariya take haɗiyewa.

A nan sai na faɗi abin da na sani tun ina ƴar shekara bakwai ina zura mata zare a allura. Babanmu gwanin zane ne, wannan babu mai ƙwace masa. Zai zauna a zaure da alƙalami da tawada ya zana askoki da tambari a kan riga babu ko gyara. Zai ɗinka bakin wuya da gefen aljihu a gaban masu wucewa. Sai ya miƙe ya ce haske ya yi masa yawa a zaure, zai shiga da aikin ciki. Cikin nan Inna ce. Ita ta ɗinka duk wani ƙirjin riga da ya fita daga gidanmu cikin shekara arba'in, da zaren tsamiyar da Gwaggo Ummi maƙwabciyarmu take kaɗa mata ta miƙo ta saman katanga. Kwanciyar Almu kuwa ba wani asiri ba ne: Inna bahaguwa ce. Tana ƙarama an buge hannun da muciya har ya daina zuwa akushi, ta koyi ci da dama, miƙo da dama, karɓa da dama. Allura ce kawai ta ƙi, ita ma sai an rufe ƙofa.

Ban ce babana maƙaryaci ba ne. Bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya ɗinka ba. Bai dai taɓa cewa ba shi ba ne, kuma a wancan zamanin wane attajiri zai yarda ya sa rigar da mace ta ɗinka ya shiga taro? Sammani bai san komai ba, don lokacin da ya yi wayo idon Malam ya fara rauni an rage aikin, shi kuma ba ya zama gida sai cin tuwo.

Abin da yake damuna shi ne Inna ta tsufa. Ta haura saba'in da biyar, Gwaggo Ummi ta fi haka kuma ido ya kusa tafiya. Ranar da aka ɗauke su shi kenan, ba mahaluƙin da zai san hannun da ya yi aikin. Wannan abu yana ci mini rai, kuma na sha faɗa mata.

"Inna, ki bari in gaya mishi."

Ba ta kiran sunana, ni ce ƴar fari. Ta ce, "Ke waccan, Malam shina kwance inda ba ya iya kare kanshi. Bakinki ya zamna inda Allah ya aje shi."

Kwana huɗu Sammani yana yawo da riga a Babbar Kasuwa. Masu keken ɗinki suka ce za su cike wurin da zaren Sin cikin awa ɗaya, ya kusa marin ɗaya daga cikinsu. Masu ɗinkin hannu suka juya ta gaba da baya suka mayar masa. Daga ƙarshe ya kai wa Malam Yari, tsohon da ya yi zaman koyo a zaurenmu tun yana saurayi, wanda yanzu shi ne babban maɗinki a layinsu. Malam Yari ya riƙe rigar wuni guda, ya gwada, ya warware, ya sake gwadawa, sannan ya ce shi ba zai ɓata aikin maigidansa ba.

Kullum da la'asar Sammani zai shigo da ƙunshin a hammata, gumi har gwiwar hannu, Inna kuma ta tare shi da murya mai taushi.

"Sannu da rana, Kansila. An samu mai gyara?"

"Inna, wai duk garin nan babu."

"Ashsha. Duk maza?"

Rana ta biyar ya zube gabanta ya ce shi kam ya ga ta kansa, zai ce wa mutane rigar ta ɓace. Sai da ta bar shi ya gama tsuma sannan ta kakkaɓe hannu.

"Aje ta nan. Akwai wani da ya ga yadda aka yi ta. Sai dai ba ya son a san shi, kuma shina da sharuɗɗa."

"Ko mi ne ne, Inna! Wane ne? A ina yake?"

"Ka ga ka hwara. Na ce ba ya son a san shi."

Sharuɗɗan wannan maɗinki sun ba ni dariya har cikina ya yi ciwo. Da fari ya nemi tabarau na karatu, mai ƙarfi. Kashegari ya aiko a ce yana son fura da nono mai kyau kullum da hantsi, kwano biyu, kuma a dama ta da laushi don haƙoransa ba su da ƙwari. Rana ta uku ya nemi turmin atamfa biyu.

Sammani ya tsaya da hula a hannu. "Inna, atamfa kuma? Namiji?"

"Ba ya da iyali ne? Kai wane irin kansila za ka yi in ba ka tuna iyalin mutane?"

Ya tafi ya sayo. Rana ta huɗu maɗinkin ya aiko cewa ya ji labarin ƙyauren banɗakin gidanmu, kuma hankalinsa ba ya kwanciya ya yi aiki alhali tsohuwar Malam tana kare ƙofa da tsumman buhu. Kafin azahar kafinta ya zo.

Ni aka aika na samo gidan tsutsar tsamiya wajen masu sayar da magungunan gargajiya, don zaren kanti ba zai zauna da tsohon ba. Muka dafa shi da ruwan toka, wari ya cika gida, Sammani ya leƙo yana toshe hanci aka ce masa maganin gwiwa ne. Da ya fita karɓar ƴan taya murna, sai in kamo hannun Gwaggo Ummi in zagayo da ita. Ba ta ganin mazarin sosai, amma yatsunta ba su manta ba. Tana murza shi a cinya zaren yana fitowa siriri, tana zagin tsutsar zamani wai ba ta da auki. Inna ta sa sabon tabarau, ta shimfiɗa rigar a gwiwa, ta karɓi allura da hagu.

Shekara goma sha biyu rabon da in ga haka. Hannun yana rawa in ta ɗauki kofi, amma da ya kama allura sai ya nutsu. Suna aiki suna shan furar maɗinki, suna gulmar attajiran da suka mutu, wane ya sa rigarsu ya je neman aure aka hana shi, wane ya yi rantsuwa cewa shi daga ganin ɗinki yana gane na namiji. Ina gefe ina zura zare, ina dariya, kuma wallahi hawaye na zo mini.

Saura kwana biyu aka gama. Na kai rigar wajen masu bugu suka buge ta ta kwanta. Sammani ya ɗaga ta a rana yana neman inda hujin yake, ya rasa, sai da Inna ta ce ya bar wahalar da kansa. Murna ta hana shi zama, kuma da yake shi ba ya iya riƙe abin alfahari a ciki, kai tsaye ya wuce kasuwa ya shimfiɗa ta gaban Malam Yari, wai ga abin da wasu suka ce ba ya yiwuwa.

Kashegari da hantsi sai ga sallama a zaure. Malam Yari ne, wai ya zo gaida tsohuwar maigidansa. Sammani ya shigo da shi, aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar ɗakin Inna. Gwaggo Ummi tana ciki, ni ina bakin murhu.

"Inna, ina kwana? An tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Yari. Ina gajiya? Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarhin jiki? Ya haƙurin rashin Malam?"

"Haƙuri sai ma'abucinshi. Ya yaran? Ya zahin nan?"

Sai da suka gaisa har kan jikoki da ciwon baya da ruwan da ya ƙi sauka, sannan ya jawo wani ƙunshi ya kwance. Tsohuwar riga ce fara, da ɗinkin aska biyu. Ko ni da ban iya ba na ga askokin sun yi ciki kamar an zauna a kansu, zaren wani ya kwanta nan wani ya kwanta can.

"Inna, na zo in nuna miki wani abu ne. Wagga riga ita ce aikin Malam na ƙarshe, kuma ni a ganina duk rayuwarshi bai yi wanda ya kai ta ba. Na ce tunda ƴan gwamnati za su taru, in ba Kansila ya kai a rataya, a rubuta sunan Malam a jiki, kowa ya gani."

Sammani ya ce, "Allahu akbar! Aikin Baba!" Har ya kai hannu yana shafawa.

Inna ta dubi rigar ta saman tabarau. Ta kau da kai ta dubi bango.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji ta.

"Amin. Dubi nan, Inna. Dubi yadda zaren ya kwanta. Wancan tambarin na rigar tsamiya ai wasan yara ne kusa da wanga."

Gwaggo Ummi ta miƙo hannu daga ciki ta lalubi ɗinkin. Ta murza zaren tsakanin yatsu biyu, ta yi tsaki mai ƙarfi, ta janye hannunta ta goge a zane.

Malam Yari bai fasa ba. Ya yabi wuyan, ya yabi aljihun, ya ce in ya mutu yana so ƴaƴansa su san cewa wannan shi ne ainihin kwanciyar Almu, sauran duk gwaji ne. Ina kallon ƙafar Inna tana kaɗawa a ƙarƙashin zane. Ta ɗauki goro ta ajiye. Ta ɗauki carbi ta ajiye. Da ya ce zai sa a ɗauki hoton rigar a buga a kalanda, sai abin ya ƙwace mata.

"Yari, ka ji tsoron Allah! Wanga ƙazamin aiki? Wanga bai taɓa kwana gidan nan ba! Dubi bakin askar, kamar akuya ta tauna. Wa ya ce maka daga nan ake shiga? Miƙo nan!"

Ta fizge rigar. Akwai allura da zare a soke a jikin wuyan, kuma sai daga baya na gane ba mantuwa Malam Yari ya yi ba. Ta zare ta, ta tsinke layi guda da farce, ta fara ɗinki tana faɗa.

"Daga nan ake shiga, a hito nan, a kwantar da shi haka. Haka. Shekara nawa kana kallon abu ba ka..."

Ta tsaya. Allurar tana hannun hagu, a sama, kowa yana kallo. Layin da ta yi bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma yana kwance lumui a tsakiyar wannan tarkace, yana sheƙi irin na rigar tsamiya.

Gwaggo Ummi ce ta fara fashewa da dariya, har tana tari.

"Sun kama ki, Hurera! Tsohon banza ya ɗana miki tarko kin hwaɗa!"

Malam Yari bai yi dariya ba. Ya sauka daga kan buzun ya durƙusa a ƙasa.

"Ni na ɗinka ta, Inna, shekara talatin da suka wuce, ina ƙoƙarin kwaikwayo. Da Kansila ya kawo mini rigar tsamiya na gwada na kasa, sai na ce bari in juya hannu. Ina sa allura a hagu zaren ya kwanta da kanshi. Malam kuwa na ci tuwo da shi, na ga rubutunshi, na ga zanenshi, duk da dama. Jiya kuma na ga sabon aiki, Malam ko shekara goma sha biyu a ƙasa." Ya share ido da bakin rawani. "Na yi zaman zaure shekara tara ina jiran ya koya mini. Ashe malamin shina bayan katanga."

Sammani ya zauna daɓas a kan turmi. Ya dubi Inna, ya dubi tabaran da ke fuskarta, ya dubi sabuwar atamfar da Gwaggo Ummi take ɗaure da ita.

"Inna... hurar hwa?"

"Mun sha. Allah ya yi albarka."

Ta ajiye allurar, fuskarta ta canza. Ta ce da Malam Yari maganar ta tsaya a tsakar gidan nan, Malam ya riƙe ta da mutunci, bai taɓa cin ribar riga shi kaɗai ba, kuma ba ta yarda a mayar da shi abin dariya a kasuwa ba.

"Wa zai yi dariya?" in ji Malam Yari. "Har gobe babu mai zana aska kamar Malam. Shi ya zana, ke kika ɗinka, Gwaggo ta kaɗa. Wanne ne ƙarya a ciki?"

Sammani ya matso ya tsuguna, murya ƙasa ƙasa, ban taɓa jin ya yi magana haka ba.

"Inna, gobe in an tambaye ni mi zan ce?"

"Ka ce ubanka ya zana."

"Ɗinkin hwa?"

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta ce, "Wa zai tambaya? Mutane ta kansu suke."

"In an tambaya hwa?"

"To in an tambaya." Ta miƙe ta shige ɗaki, ta sake labule.

Ranar rantsuwa mu ba mu je ba, Inna ta ce ƙafarta ba ta ɗaukar tsayuwar ƴan siyasa. Amma tun hantsi ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfa, ta zauna inda take hango ƙofar zaure. Ta ce iska take sha. Abincin rana ta taɓa kaɗan ta ture.

Bayan la'asar ya shigo, rigar tana jan ƙasa, ƙamshin turaren mutane duk ya kama ta. Ya fara ba da labarin yadda aka kira sunansa, da wanda ya zauna kusa da shi, da yadda ya riƙe Alƙur'ani. Inna ta bar shi ya yi nisa, tana tsintar zare a gefen tabarma kamar abin bai dame ta ba.

"An tambaya?"

"Mutum goma sha ɗaya, Inna. Har da wani mai ɗaukar labarin rediyo."

"Mi ka ce?"

"Na ce zanen Malam Almu ne, zaren kaɗin Gwaggo Ummi, ɗinkin kuma na mahaihiyata ne, Malama Hurera."

Ta ɗauki mafici ta kwaɗa masa a kafaɗa. "Marar kunya! Sunan nawa ka kama gatsal a bainar jama'a?"

"Na sa Malama, Inna."

Ta juya mana baya tana gyara kallabi, ta daɗe tana gyara shi. Da ta yi magana muryar ba tata ba ce.

"Ban ji da kyau ba. Sake hwaɗi yadda ka ce."

Ya sake faɗa. Ta ce hayaniyar yara a waje ta yi yawa, ya ƙara ɗaga murya don Gwaggo Ummi ta ji ta saman katanga. Babu yaro ko ɗaya a waje, kuma kunnen Inna lafiyarsa ƙalau. Sammani ya miƙe tsaye cikin rigar, ya fuskanci katanga, ya faɗa a karo na uku.